Maganin Gajiya: Yadda Ƙwaya ta Samu Wurin Zama a Gusau, Tsafe da Bungudu

Duk kayan da suka taɓa shigowa Gusau daga kudu, hanya ɗaya suka biyo: Zariya, Funtuwa, Yankara, sannan Wanzamai, Kucheri, Magazu, Tsafe, a wuce Yandoto, a gifta dutsen Kwatarkwashi, a shiga gari. Wanda ya zarce, Bungudu ce a gabansa, daga nan Maru, Mafara, har Sakkwato. Jirgin ƙasa ma da ya iso a 1929 ta Funtuwa da Tsafe ya biyo, ya ratsa Gusau ya nufi Ƙauran Namoda. Ta nan gishiri ya zo, da kananzir, da atamfa, da kwanon rufi. Ta nan kuma ƙwaya ta zo. Ni haifaffen Tsafe ne. Na yi yaron shago a wani kemis a Sabon Garin Gusau ina saurayi, daga baya na shiga aikin disfensare a ƙauyukan Bungudu har na ajiye aiki. Abin da zan faɗa a nan, wani a bayan kanta na gan shi, wani a kan bencin marasa lafiya.

In ana zancen shaye-shaye a majalisa, dattawa kan ce tarbiyya ce ta lalace, samari kuma su ce zamani ne. Ni abin da idona ya nuna mini shi ne ƙwaya ta gona ta shigo mana, da tasha, da shagon magani, kuma da sunan maganin gajiya muka karɓe ta hannu biyu. Sai da ta zauna daram sannan muka gane baƙuwar da muka saukar.

Iyayenmu suna da abin taɓawarsu. Goro shi ne kan gaba, wanda fatake suka daɗe suna ɗaukowa daga Gwanja kafin jirgi ya fara kawo na ƙasar Yarabawa. Akwai taba: ta lofe, da ta gari da tsofaffi ke shaƙa ko su zuba a leɓe, da furenta da mata ke goga wa haƙora. Taba tsohuwar muhawara ce tsakanin malamai, tun zamanin Ahmad Baba na Tumbuktu, wanda ya ga halaccinta, wasu kuma suka ƙi. Giya tana nan a unguwannin Maguzawa na gindin duwatsu, daga baya kuma a Sabon Gari, inda baƙi ma'aikatan jirgi da na kamfanoni suka zauna. Zaƙami kuwa, wanda wasu ke kira haukata-yaro, a juji yake fitowa, kowa ya san shi, kuma kowace uwa tana kashedi a kansa. Dukansu abu ɗaya ya haɗa su: ba sa ɓoyuwa. Mai giya ana jin warinsa, mai taba ana ganin haƙoransa, wanda ya sha zaƙami gari duka sai ya sani. Jama'a tana iya tsawatar da abin da take gani.

Tabar wiwi ta zo bayansu, amma ta daɗe a gefe. Masu bincike da yawa suna danganta yaɗuwarta a Nijeriya da sojojin da suka dawo daga Indiya da Bama bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da ma'aikatan jiragen ruwa na Ikko. Babbar gonarta har gobe dazuzzukan Ondo da Edo da Delta ne, a buhu take hawowa arewa cikin manyan motoci. A 1966 gwamnatin Janar Ironsi ta kafa mata doka mai zafi: mai nomawa kisa ko ɗaurin shekara 21, mai sha shekara 10. A 1975 aka sassauta. A Gusau da na sani ina yaro, 'yan wiwi sanannu ne, ƙidayarsu ba ta da wuya: wasu 'yan kamasho, wasu karnukan mota, wasu tsofaffin sojoji bayan yaƙin basasa, sai masu fakewa bayan gidan silima da bakin gulbi. Ba a ba ɗan wiwi mata sai an yi dogon bincike, kuma wannan tsoron ya riƙe samari da yawa.

Abin da ya canza lissafi ƙarami ne, bai kai ƙwayar wake ba. Amfetamin ne, wanda a bakin mutane ake ce wa a-ji-garau, ko a ce ƙwaya kawai. Sai mai karatu ya tuna irin garin da Gusau take a lokacin. Gari ne na gyaɗa da auduga da taba. Akwai kantunan UAC da John Holt, akwai Kwarori masu sayen amfanin gona, akwai injin gurzar auduga, da na matsar mai, da masaƙa. Da kaka 'yan dako su wuni suna ɗaukar buhu daga sikeli zuwa tarago, da damina 'yan ƙwadago su kama gona a kan jinga, wanda ya gama da wuri ya kama ta biyu. Direbobin manyan motoci suna son su kwana suna tafiya. Duk waɗannan mutane ƙarfinsu ne jarinsu, kuma sun riga sun saba da sayen abin rage ciwon jiki, irin su APC da garin Alabukun. Da aka nuna musu wata ƙwaya da ke kore barci, ta kashe yunwa, ta sa mutum ya ji kamar ba a halicci gajiya ba, ba su ga bambancinta da waɗancan ba.

Ranar kasuwa mukan kai magani ƙauyuka, kuma a nan na ga yadda cinikin yake. Masu tallan magani a faranti ko a bayan keke suna da ita a ƙulle daban. Manomi zai matso ya ce, “Likita, ba ni ta aiki guda biyu, gobe muna da gayya.” Ba ya rage murya, don bai ga abin kunya ba. Na san masu gona da suke jefa ta a kunun 'yan ƙwadago don aiki ya yi sauri, kuma ana yaba musu da cewa sun iya kula da ma'aikata. Gwamnatin Gowon ta kafa dokar taƙaita amfetamin tun 1968, amma dokar ba ta taɓa zuwa kasuwar Nahuce ba.

Abin da ƙwayar ke yi shi ne ta ci bashin ƙarfin gobe ta kashe shi yau. Mutum ya yi kwana biyu bai ci abin kirki ba, bai runtsa ba, rana ta uku jiki ya zube, sai ya nemi wata don ya tashi. Biyu ta koma huɗu. Bayan shekaru sai ka ga ƙato ya rame, haƙora sun lalace, yana zargin matarsa da maƙwabta, yana jin ana kiran sunansa. Da na fara aikin disfensare na ga irinsu da dama. Dangi sukan ce iska ce ko sammu, a kai shi wurin malam ko boka, ba wanda ya waiwayi ƙullin da ke aljihunsa. Wannan ce zuriyar farko ta 'yan ƙwaya a ƙasarmu, kuma mafi yawansu magidanta ne masu sallah da azumi, masu ciyar da iyali.

Hankalin gwamnati a shekarun 1980 yana wani wuri. Hodar iblis da 'yan Nijeriya ke ɗauka zuwa Turai da Amurka ita ce ta dame ta, don ita ke ɓata sunan ƙasa. Gwamnatin Janar Buhari ta kafa doka mai lamba 20 a 1984, a watan Afrilun 1985 aka harbe mutum uku a Ikko. A ƙarshen 1989 gwamnatin Babangida ta kafa hukumar NDLEA. Duk wannan a filin jirgin sama da tashar jiragen ruwa ake yin sa. A nan gida kuwa wani abu ne ke faruwa a hankali. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 sun karya noman da ya gina Gusau. A 1986 aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, darajar naira ta faɗi. A ɗakunan shan magani na ƙauye sai ya zama takarda kawai muke rubutawa, mu ce a je a saya. Wannan ne ya sa kemis ya yawaita, har kowace unguwa da kowane ƙauye mai kasuwa suka samu nasu, kuma da yawa daga masu shagunan ba su da ilimin aikin sai na ciniki. Lasisinsu na sayar da ƙananan magunguna ne kawai, irin na ciwon kai da zazzaɓi. Amma wanda ya je sari Kano ko Anaca, abin da ke tafiya shi zai ɗauko.

A wannan tsakanin ne yara suka shigo. Sholisho na masu faci da masu gyaran takalmi, a zuba a tsumma a shaƙa, da fetur, da madarar sukudai. Sai magungunan sa barci, irin su Valium da waɗanda ake kira roci. Masaƙar Gusau ta yi ta tangal-tangal har ta rufe, jirgin ƙasa ya daina zuwa. Da Janar Abacha ya ƙirƙiro jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoban 1996, Gusau ta cika da mutane fiye da aikin da ke cikinta. Saurayin da ubansa ya yi aikin masaƙa sai ya samu kansa a kan babur yana acaɓa tun asuba har dare, cikin rana da ƙura, ga kuɗin mai babur da sai an cika kullum. Shi ma maganin gajiya ya nema. Da siyasa ta dawo a 1999 kuma aka samu masu saya wa samari kayan maye kyauta don su yi banga, alhakin da har yau ban ga an tuhumi kowa a kansa yadda ya kamata ba.

Ina cikin taron da ya cika Gusau ranar 27 ga Oktoban 1999, lokacin da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a, wadda ta fara aiki a Janairun 2000. Na yi murna a ranar, kuma har yanzu ina ganin rufe gidajen giya da na karuwai alheri ne. Na san gidaje da suka zauna lafiya saboda shi. Amma dokar da 'yan Hisba sun fi ƙarfi a kan abin da ke da kwalba da wari da wurin zama. Bulala tamanin tana jiran mashayin giya. To wanda ya shanye kwalbar maganin tari fa, da tambarin NAFDAC a jikinta, wanda ya saya a shago mai lasisi da rana tsaka? Malamai sun yi bayani cewa duk abin da ke gusar da hankali hukuncinsa ɗaya. Sai dai a zuciyar mutane da yawa giya ce haram, magani kuwa magani ne. Ta wannan kafar kodin ya shige.

Kodin ɗan gidan su ofiyom ne. In ya shiga jiki hanta takan mayar da wani sashensa mofin, ya kwantar da tari da ciwo, ya saukar da wata kasala mai daɗi. Cokali biyu magani ne, kwalba guda maye ce. Ga zaƙi, ga shi ba ya wari, ana juye shi a robar lemo a sha a gaban kowa. Shi ne abu na farko da ya tsallaka zaure ya shiga cikin gida. A da, kusan duk abin da na lissafa na maza ne da 'yan tasha. Kodin kuwa ya samu 'yan mata a gidan biki, da ɗalibai, da matan aure. Ba zan manta da wata yarinya da mijinta ya kawo mini ba, tana fama da ciwon ciki da rashin bahaya na kwanaki. Da na sa ya fita na tambaye ta a hankali, sai ta ce, “Baba, in ban sha ba ba ni iya kwana, tunani ya yi mini yawa.” An yi mata aure da wanda ba ta so, ga kishiya, ga ba ta fita, ba ta da wanda za ta gaya wa. Wata ƙawarta ce ta fara kawo mata. Ita ma gajiya ce ta kai ta, sai dai tata ba ta gaɓoɓi ba ce.

An daɗe ana ganin tulin kwalabe a kwata da bayan makarantu kafin manya su yi magana. A 2017 aka faɗa a Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalba miliyan uku kullum a Kano da Jigawa. A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fitar da binciken 'yar jarida Ruona Meyer, wanda ya nuna ma'aikatan wasu kamfanonin magani suna sayar da katan-katan ta bayan fage. Ranar 1 ga Mayu ministan lafiya Isaac Adewole ya hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, NAFDAC kuma ta rufe kamfanoni uku na ɗan lokaci. Abin da ya ba ni takaici shi ne iyaye da malamai da ma'aikatan lafiya sun shekara goma suna kuka ba a motsa ba, sai da aka nuna mu a duniya.

A farkon 2019 aka fitar da sakamakon babban binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun taɓa kayan maye a cikin shekara guda, wato kashi 14.4 cikin ɗari. Miliyan 10.6 wiwi, miliyan 4.6 magungunan kashe ciwo irin su tiramadol, miliyan 2.4 maganin tari. Ɗaya cikin huɗu mace ce. Kudu maso yamma ce kan gaba da kashi 22.4, abin da ya kamata masu cewa ciwon 'yan Arewa ne kaɗai su sani. A yankinmu na arewa maso yamma Kano ce ta farko da kashi 16, sai Zamfara ta bi mata da kashi 13.5, kimanin mutum 280,000. Kano birni ne mai miliyoyin mutane da babbar kasuwar magani. Zamfara kuwa jihar manoma ce, birninta ɗaya. In har ta zo ta biyu, to abin ya daɗe da wuce unguwannin Tudun Wada da Sabon Gari na Gusau, yana ƙauye.

Kuma abin da ke ƙauye tiramadol ne. Da aka hana kodin kuɗinsa ya ninka, ya koma na masu hali, talaka ya koma ga ƙwaya mai araha wadda dama tana nan. Wani kamfanin Jamus ne ya fara fitar da tiramadol a 1977, don ciwo mai tsanani, kuma magani ne mai amfani in likita ya rubuta. Abin da aka amince da shi a Nijeriya mai ƙarfin miligiram 50 ne da 100, kuma ba a son babba ya wuce 400 a yini. Wanda ake kamawa a kwantena, mafi yawa daga Indiya, mai 120 ne, da 200, da 225, har 250. Babu asibitin da ke buƙatar irin wannan. Don kasuwarmu aka buga shi. Yaro ya haɗiye uku da shayi da safe ya riga ya wuce iyaka. Shi ya sa muka fara ganin samari suna faɗuwa suna shure-shure kamar masu farfaɗiya, alhali babu ita a danginsu. Ana haɗa shi da Exol, wanda asalinsa maganin masu karkarwar jiki ne, da diyazefam, da allurar fenta, a ɗora wiwi a kai.

A nan tarihi ya maimaita kansa a gabana. Masu sayen tiramadol na farko da na sani masu aikin ƙarfi ne: masu ɗiban yashi a gulbin da ya ratsa Gusau da Bungudu, masu fasa dutse, masu buga bulo, 'yan acaɓa, 'yan ƙwadagon gona. Sai haƙar zinari ta buɗe a Anka da Bukkuyum da Maru, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a 2010. Samarinmu na Bungudu da Tsafe sun tafi can da yawa. Wanda zai shiga rami mai zurfi, babu iska, ƙasa na iya rufta masa, ba gajiya kaɗai yake son kashewa ba, har da tsoro. Wata tsohuwa ta kawo mini jikanta, na ce, “Inna, mi yas same shi?” Ta ce, “Wallahi ɗana, tun da yat tahi wurin zinari yad dawo, ba shi ci, ba shi kwana, in an yi magana shi zabura.” Bai kai shekara ashirin ba. Ya dawo da waya da babur, da kuma abin da ya cinye su duka cikin wata shida.

Daga ramin zinari zuwa daji ba nisa. Ina so in yi hattara a nan, don na ji masu cewa ƙwaya ce ta haifi ta'addancin da ya addabe mu tun wajen 2011. Ban yarda ba. Rikicin yana da tushensa: burtali da makiyaya da aka cinye, satar shanu, zaluncin wasu alƙalai da masu sarauta da jami'an tsaro, kisan ramuwa tsakanin 'yan sa-kai da Fulani, da bindigogi da suka kwararo. Amma duk wanda ya saurari mutanen da aka sako daga daji ya ji abu ɗaya: yaran da ke tsaronsu kullum a buge suke. Ƙwaya ba ta ƙirƙiri gabar ba, sai dai ita ke sa ɗan shekara goma sha biyar ya yi abin da da hankalinsa ba zai iya kallo ba. Ta shiga jerin kayan da ake kai wa daji tare da burodi da fetur da katin waya, wani lokaci har cikin sharuɗɗan fansa. A Satumbar 2021, lokacin da Gwamna Matawalle ya sa aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka, ana neman yanke wannan jijiyar ce. Jama'a sun sha wuya ƙwarai, amma kwali ɗaya na ƙwaya yana shiga ƙarƙashin sirdin babur ko cikin buhun gari. Jami'an NDLEA suna kamawa a kan hanyar Tsafe, muna ji a rediyo, kuma ina yaba musu, don aiki ne na sayar da rai. Sai dai ribar ta kai yadda in an kama ɗaya wani zai tashi. Ƙauyukan da na sani tun ina yaro, Yankuzo, Bilbis, Keta, Danjibga, yau sunayensu a labaran hari ake jin su. Mutanen da suka gudo daga irinsu suka cika kangaye a Tsafe da Gusau, waɗanda suka ga an kashe nasu a gabansu, su ne sababbin masu neman abin da zai sa su barci.

An taɓa tushen cinikin a 'yan shekarun nan. Indiya ta sa tiramadol cikin magungunan da take tsarewa a 2018. A Fabrairun 2024 aka tashi 'yan kasuwar magani daga Sabon Garin Kano zuwa sabuwar cibiya a Dangwauro, inda za a iya sa ido. A farkon 2025 NAFDAC ta rufe kasuwannin magani na Anaca da Aba da Idumota ta kwashe kaya masu yawa. Amma a Fabrairun 2025 ne BBC ta sake bankaɗo wani kamfani a Mumbai da ke haɗa tafentadol da karisofrodol, haɗin da babu ƙasar da ta amince da shi, yana turowa Afirka ta Yamma da sunaye irin su Tafrodol da Super Royal 225. Ya fi tiramadol ƙarfi, kuma yana iya tsayar da numfashi. Kwalin ya yi kama da na da, lambar ma ita ce, mai saye bai san an canza masa abin da ke ciki ba.

Inda muka fi rauni shi ne wanda ya riga ya kamu. Wancan binciken na Hukumar Ƙididdiga ya nuna ɗaya cikin biyar na masu sha ya kai matsayin ciwo, ba ya iya bari da kansa. Wanda jikinsa ya saba da tiramadol ko kodin, in ya tsaya sai gumi da gudawa da ciwon ƙashi da rashin barci su taso masa, ya yi kwanaki kamar zai mutu. Wa'azi yana taimaka masa ya yi niyya, amma niyya kaɗai ba ta ɗauke wannan. Yana buƙatar likita ya rage masa a hankali, da gado, da mai sauraronsa, da sana'ar da zai koma. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da muka saba turawa shi ne na Kware, bayan Sakkwato, tafiyar fiye da kilomita 200 daga Gusau a kan hanyar da mutane ke tsoron bi; in ba shi ba sai na Barnawa a Kaduna. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Nijeriya, ta bakin ƙungiyarsu, ba su kai 300 ba. Saboda haka iyaye suka riƙa kai 'ya'yansu gidajen mari. A Satumbar 2019 'yan sanda suka buɗe wani a Rigasa ta Kaduna, suka fito da ɗaruruwan mutane da sarƙa a ƙafa da tabon duka, sannan aka bi da na Daura da Katsina da wasu wurare. Rufe su daidai ne. Amma ban zargi uban da ya kai ɗansa can ba, don na zauna da irinsu, na ga mutumin da ya sayar da akuyoyin matarsa saboda ɗan ya fara ɗaga wa uwarsa hannu, kuma babu wata ƙofa da aka nuna masa.

A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin ta 1958 da ke ɗaukar mai taɓin hankali kamar fursuna. A ƙarƙashinta mai fama da ƙwaya marar lafiya ne da ke da haƙƙin magani. Abin da nake roƙon gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin Gusau da Tsafe da Bungudu bai fi ƙarfinsu ba: a ware gadaje a manyan asibitocin garuruwan uku don masu son bari, da ɓangaren mata daban wanda za su shiga ba tare da an yi da su ba, a koya wa ma'aikatan ɗakunan shan magani na ƙauye yadda ake gane mai wannan ciwo da yadda ake rage masa, a bi kemis-kemis a duba lasisi da abin da ke ƙarƙashin kanta, tare da ƙungiyar masu shagunan, don su suka san junansu. Kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe tana yaye ɗalibai kowace shekara, da yawansu suna zaune a gida babu aiki, kuma su ne suka san yaren yaran nan da unguwanninsu.